Kwat Ɗina da 'Yan Fim Suka Ara

Litinin, 5 ga Mayu, bayan tashi daga aiki

Yau ma an zuba min ƙanƙara a takalmin roba. Na juye, na zura ƙafa, na tsaya a layi ina ɓare kaguwa. Maxine Rideout, shugabar layinmu, ta bi ta bayana ta ce, "Matar Kyaftin, ƙafa ta yi sanyi ne? Wasu fa har yanzu suna cikin ruwan, ba mu ji sun yi ƙorafi ba." Na ci gaba da ɓare kaguwa.

Ba wannan na zauna rubutawa ba. 'Yan fim sun zo daga Toronto, za su yi fim a kamfaninmu. Wai labarin wata matalauciya ce da abokan aikinta suka sa a gaba. Manaja ya ce suna neman masu cika wuri, waɗanda za su tsaya daga baya kamar suna aiki. Glenys, wadda ita kaɗai ce har yanzu take gaishe ni a gaban mutane, ta ce, "Verna, abin da muke yi kullum da gaske, yanzu kuma a biya mu mu yi na ƙarya? Ai ni ce ta farko a layi."

Jibi za a rubuta suna a zauren coci. An ce kowa ya zo da kayan da ya saba sawa. Ni dai ba zan je gaban baƙi wujiga-wujiga ba. Koriyar kwat ɗina zan saka.

Laraba, 7 ga Mayu, da yamma

Na rasa yadda zan ɗauki abin da ya faru.

Kwat ɗin nan ta ulu ce, mai manyan baƙaƙen maɓallai. Mijina Wince ne ya saya min a St. John's lokacin bikin 'yarmu Charlene, a zamanin da yake miji kamar kowane miji. Ba na saka ta sai Lahadi, ko biki, ko jana'iza. Da hannuna na sake mata shafi, na juya mata kwala. Na goge ta yau har sau biyu.

Ina shiga zauren, wata doguwar yarinya mai awon tela rataye a wuya ta yi turus. Sunanta Sloane, ita ke kula da tufafin fim. Ta zo ta kama hannun rigar tana shafawa, ba ko gaisuwa.

"Wayyo Allah. Ga ta! Mun zaga shagunan gwanjo kaf ba mu samu irinta ba. Dubi yadda ta gaji! Dubi gwiwar hannun!"

Na ce, "'Yata, ni ce dai na gaji, ita lafiyarta ƙalau."

Ta yi dariya, ta ce jarumar fim ɗin ce za ta saka, in zan ba su aro. Jaruma fa, mai fitowa a talabijin. Kaina ya fasu, ba zan ɓoye ba. Ta kawo maganar kuɗi, na ce a garin nan ba a biyan aro. Sharaɗi ɗaya na ba ta, a dawo min da ita kafin Lahadin ashirin da biyar ga wata. Ranar ce za a yaye mayafi daga dutsen bakin ruwa mai sunayen waɗanda teku ta ci, an sassaƙa sabon suna. Duk garin zai je, kuma dole in je. Ba ni da wata rigar da zan tsaya da ita a wurin.

Sai da na cire na juyo na ga Maxine a bayana, ta ji komai. Murmushi kawai ta yi. Na dawo gida da suwaita, iska tana kaɗa ni.

Alhamis, da safe

Yabo ne Sloane ta yi ko kuwa?

Juma'a, 9 ga Mayu, hutun rana

Na sami sabon suna. Tauraruwa.

"Ku matsa, Tauraruwa za ta wuce!" Maxine ta faɗa ina shiga ɗakin cin abinci. "Duk faɗin ƙasar nan an nemi rigar fatara an rasa, sai a jikin Verna Pardy. Kuma wai ita ce ta zuwa coci!" Har da masu buga tebur.

Na ci burodina mai maɗi a tsaye, a bakin taga. Glenys ta zo kamar za ta zubar da shayi, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke ma dai, me ya kai ki ba su? Ba ki ji abin da yarinyar ta ce ba?"

Na ce na ji. Ta ce ta gaji. To, ai abu mai kyau ne yake daɗewa har ya gaji. Ko ba haka ba ne? Glenys ta dube ni ta tafi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ban je coci ba. Da me zan je?

Waya ta yi ƙara da rana, lambar Alberta, inda Wince ya koma tun da teku ta ci yaron jirginsa bara. Na zauna ina kallonta har ta yi shiru. Shi ya samu inda ya gudu, ni ce na ga ta zama.

Talata, 13 ga Mayu, da magariba

Iska ta hana jirage fita, babu kaguwa, sai aka ba 'yan fim kamfanin yini guda. Mun saka hular raga da rigar leda kamar kullum, aka zaunar da mu a ɗakin cin abinci, kowa a inda aka nuna masa. Ni aka sa ni a teburi ɗaya da Maxine. Tun bara ba mu zauna kusa haka ba.

Darakta ya yi mana bayani. Jarumar za ta shigo, wata za ta tare ta ta finciki kwalar rigarta ta yi mata ba'a, mu kuma mu yi dariya. Amma ban da sauti. Wai na'urarsu maganar jarumai kawai za ta ɗauka, dariyar daga baya za su ɗora. Mu buɗe baki, mu girgiza kafaɗa, mu nuna ta da yatsa, amma ko tari kada a ji.

Sai ta shigo. Renata sunanta, 'yar siririya. Da kwat ɗina.

Da farko na ɗauka faɗuwa ta yi a hanya. Laka a gindin rigar har zuwa gwiwa. Aljihun dama ya yage yana reto. Wani maiƙo a ƙirji kamar an goge kasko da ita. Na miƙe zan ce a ba ni tsumma, wani yaro mai waya a kunne ya ce, "Zauna, Anti, zauna, mun fara."

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ɗaki cike da mata, bakuna a wangame, kafaɗu suna rawa, kuma tsit kake ji, sai ƙarar firiji. Dariyar da nake ji kullum ce, yau kuma ganinta na yi. Na ga haƙoran kowa. Glenys ma tana yi, idonta a ƙasa. Darakta ya ce, "Madalla! Ke mai jan gashi, kin iya, kamar kin saba." Maxine ke nan. Ni kuwa sau uku yana cewa, "Baiwar Allah ta gefe, ki yi dariya mana." Na buɗe baki. Ban san me fuskata ta nuna ba.

Duk sanda aka finciki kwalar sai maɓallin sama ya tsinke ya faɗi. Su ɗauka, su maƙala da zare ɗaya, a sake. A na ƙarshe ya gangaro ta ƙarƙashin teburinmu har gaban takalmin Maxine. Da aka tashi na durƙusa na duba, babu shi.

Renata ta zo ta riƙe hannuna biyu. "Ke ce Anti Verna? Rigar nan ita ke yi min rabin aikin. Ina saka ta sai in ji kuka ya taho." Na ce na gode. Na gode da me? Ban sani ba.

Laraba

Ba a ga maɓallin ba. Na tambayi mai shara.

Alhamis, 15 ga Mayu, da yamma

A shago matar Cyril mai shagon ta ce, "An ce kwat ɗinki ta sha laka, Verna. Ashe haka take in an duba kusa?" Wato gari ya ɗauka haka na ba su ita. Verna Pardy ta ba baƙuwa aron riga da maiƙo a ƙirji. Mahaifiyata ko kwanon aro ba ta mayarwa sai ta goge shi ya fi yadda ya zo, ta kuma saka wani abu a ciki. Da tana raye da ta mutu yau.

Kuma yarinyar nan Renata, haka za a nuna ta a duniya? Ba wanda zai ce mata ga tsumma? Suna da motoci cike da fitilu, amma ba su da allura.

Juma'a, 16 ga Mayu, da magariba

Yau ne kwanan sharata a zauren coci, makulli yana hannuna. Nan suka jera tufafin fim. Na ce ba zan duba ba. Na share rabin ɗakin, sai na ga kore ta cikin leda.

Na shinshina lakar. Ba ta bakin ruwanmu ba ce, ba ta wari, kamar hoda aka kwaɓa. Aljihun kuma ba yagewa ya yi ba, bakin almakashi ne. To wa zai yanka aljihun mutum da gangan? Na tsaya ina juya abin a raina. Maxine ce ta shigo nan? Ko Sloane tana da maƙiya a cikin 'yan uwanta? In haka ne na san yadda take ji.

An ce ba za su sake ɗauka ba sai Litinin. Na naɗe ta na sa a jaka.

Asabar, 17 ga Mayu

Rabon da in ji daɗin yini irin na yau, tun kafin abin ya faru.

Na fara da lakar, na kakkaɓe ta da buroshi. Maiƙon ya ba ni wuya, sai da na bi shi da sabulun wanke kwano da ruwan ɗumi, a hankali, don ulu ba ya son gaggawa. Na ɗinke aljihun ta ciki, ko Charlene ba za ta gane wurin ba. Na shimfiɗa ɗanyen tawul na bi da dutsen guga har tururi ya cika kicin. Na kama kaina ina waƙar coci.

Maɓallin sama ne kawai. Na zazzage gwangwanin maɓallaina, babu mai kama da shi. Na bar wurin haka.

Gobe da rana zan mayar, in saka mata ƙunshin biskit a aljihu.

Litinin, 19 ga Mayu, ban san ƙarfe nawa ba

Na yi ɓarna. Ko kuma ban yi ba. Zan rubuta yadda aka yi, ko zan gane.

Ina kan layi manaja ya turo a kira ni. A ɗakin cin abinci na tarar an kunna fitilu, mata sun zazzauna, darakta ya dafe kai. Sloane tana riƙe da kwat ɗina, fuskarta fari fat.

"Anti Verna, ke ce kika yi wannan?"

Na ce, "Ba sai kin gode ba, 'yata."

Sai ta fashe da kuka. Ta ce kwana biyu ta yi tana saka lakar nan da hannunta, tabo bayan tabo, ta ɗauki hoton kowanne. Ita ta yanka aljihun. Wai sun ɗauki shigar Renata ɗakin ranar Talata, yau za su ɗauki fitarta, kuma a fim duka abu ɗaya ne, minti ɗaya. Ba zai yiwu mace ta shiga da laka ta fito a goge ba.

Na ce, "To ki ce ke kika ɓata ta? Da gangan?"

"Aikina ke nan. Dole ta nuna talauci."

"Ba kin ce ta riga ta gaji ba?"

"A ido, e. A kyamara kuwa ta cika tsabta. Sai ta zama kamar ta wadda ke kula da kanta."

Na ce, "To ai ina kula da kaina."

Darakta ya taso da murya mai taushi, irin ta likita. Ya ce ba komai, kuskure ne, za a gyara, awa biyu kawai Sloane take buƙata ta mayar da ita yadda take. Ya ce fim ɗin nan don irinmu ake yin sa, don duniya ta ga mutuncin mata irina. Yana faɗa, Sloane tana laluben almakashi a aljihunta.

Daga bayan ɗaki Maxine ta ce, "Ku kawo nan in yaga muku kyauta, ba sai an ɓata awa biyu ba." Aka yi dariya, wannan karon da sauti.

Ban shirya komai ba. Na ga dai hannuna ya miƙa ya karɓi rigar. Na ce, "Aro na ba ku, na kuma fasa." Na saka ta a kan rigar leda, da hular raga a kaina, na fita ta tsakiyar fitilunsu. Na ji Renata tana kiran sunana, ban juya ba.

A hanya na sa hannu a aljihu na ji biskit ɗin. Ko buɗewa ba su yi ba.

Talata, 20 ga Mayu, bayan aiki

Manaja ya ce na kunyata kamfani a gaban baƙi. Sai sun sake ɗaukar na ranar Talata gaba ɗaya da wata riga. An cire sunana daga masu cika wuri, an kuma mayar da ni wurin tankin ruwan gishiri, inda ake tura sababbi. Yatsuna ba sa riƙe biro sosai.

Glenys ta ce wasu na cewa na yi daidai, wasu na cewa na haukace. Na ce ita fa? Ta ce, "Ni dai ina da jikoki, Verna."

Laraba

Ba a zuba ƙanƙara a takalmina ba yau. Ban san me hakan ke nufi ba, kuma ya fi ba ni tsoro.

Alhamis, 22 ga Mayu, da yamma

Sloane ta zo har gida. Na ɗauka rigar ta biyo, na tsaya a bakin ƙofa. Ta ce a'a, sun sami wata ruwan toka. Haƙuri ta zo bayarwa. Na ba ta shayi, tun da ta riga ta shigo.

Ta ga kwat ɗin a rataye ta tashi ta juya aljihun tana neman ɗinkin. Ta daɗe ba ta samu ba. Ta ce, "Ni da na gan ta ranar nan, ƙaunarta na yi, na rantse." Na ce na yarda. Sai na tambaye ta abin da ke cina: in mutum ya gan ni da ita a hanya, me yake gani? Ta ce shayin ya yi daɗi.

Shekara da shekaru ina shiga coci da ita ina jin kaina wata. Ashe kowa yana ganin gwiwar hannun? Ko sai da aka nuna musu suka gani?

Asabar, 24 ga Mayu

Alberta ta sake kira. Na ɗauka, na ji numfashinsa. Ya ce, "Gobe ne ko?" Na ce gobe ne. Ya ce, "Ba dole ki je ba, Vern." Na ce wani daga gidan nan dole ya je. Na ajiye.

Na saka kwat ɗin na tsaya gaban madubi, na cire. Na gwada suwaita biyu a haɗe. Na sake saka kwat ɗin. Wuyan yana buɗewa inda babu maɓalli.

Ba zan je ba.

Zan je in tsaya daga baya.

Lahadi, 25 ga Mayu, da la'asar

Na je, da koriyar kwat.

Iska tana busowa daga teku, na riƙe wuyan rigar da hannu ɗaya. Na ga kawuna suna juyowa, na ji wata ta ce "Tauraruwa", wani ya ce mata ta yi shiru. Na nufi baya, amma bayan ya cika, mutane suna ta matsa min hanya, ban san ko don girmamawa ba ne ko don kada in taɓa su. Kafin in ankara ina sahun gaba.

Fasto ya yi addu'a, aka yaye mayafin. Darren Rideout, ɗan Maxine, da shekarunsa a ƙasa. Haruffan sababbi ne, sun fi na sauran fari. Yaron da yake cin burodi a kicin ɗina in suna jiran Wince ya gama ɗaura takalmi su fita teku. Na saki wuyan rigar don in share ido, iska ta buɗe ta.

Sai na ji mutum a gefena. Maxine ce. Ba ta dube ni ba, dutsen take kallo. Na jira abin da za ta ce, na ma sunkuyar da kai don in karɓa.

Ta ce, "Da ita kika zo bara, ranar addu'arsa. Kika tsaya a waje cikin ruwan sama. Na gan ki ta taga."

Na ce, "E."

Ta kama hannuna da ƙarfi, har ya yi zafi, ta danna min wani abu a tafi ta rufe yatsuna a kai. Yana da ɗumi, ya daɗe a hannunta.

"Ki je ki ɗinke," ta ce. "Kada ki ƙara tsayawa gaban sunan ɗana da wuya a buɗe."

Ta koma wurin danginta. Ban san ko gobe zan tarar da ƙanƙara a takalmina ba. Na ɗinke maɓallin yanzu, da zare ninki biyu.